Fallayen Taswira a Wasan Labari na Kan Tebur: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Akwai wani irin wasa da ya samo asali a Amurka, wanda mutum huɗu ko biyar ke zama kewaye da tebur su ƙaga labari tare. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora. Shi ke bayyana wurin da ake, shi ke magana da bakin sarki da na ɗan kasuwa da na dodo, shi ke yanke hukunci idan an sami saɓani. Sauran kuwa kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, wani jarumi mai takobi, wani maharbi, wata mai magani, ya riƙa faɗin abin da mutumin nasa zai aikata. In abin mai wuya ne, kamar tsallake rami ko kai wa abokin gaba sara, sai a jefa dayis, irin na lido amma mai fuskoki da yawa, wanda aka fi jefawa ma fuskarsa 20. Lambar da ta fito ita ke nuna ko an dace ko ba a dace ba. Ba a zuba kuɗi, kuma ba wanda ke cinye wani, domin 'yan wasan duk gefe ɗaya suke. Kamar tatsuniya ce, sai dai masu sauraro su ma suna da ta cewa a kan yadda za ta kaya. Wanda ya fi shahara a cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 ta hannun kamfanin TSR, a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin.

Muddin hira ake yi a cikin labarin, ko ciniki, ko tafiya, baki ya isa. Amma da zarar faɗa ya kaure, sai ka tarar kowa da hoton da ke cikin kansa. Jagora ya ce dodanni uku sun ɓullo ta ƙofar arewa. Maharbi yana ɗauka shi yana can nesa a bayan ginshiƙi, jagora kuma a ransa ya ajiye shi dab da ƙofar. Ana cewa dodo ya kai masa bugu sai gardama ta tashi: "Ta ina ya iso ni? Ai na ce ina bayan ginshiƙi!" Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Magana ɗaya suka ji, kowa ya gina ɗakinsa daban. Don a kashe irin wannan gardama ake shimfiɗa taswira a tsakiyar tebur, a ɗora 'yan ƙananan mutum-mutumi a kai, kowa ya ga inda yake da idonsa.

Taswirar nan ba iri ɗaya ba ce. Akwai babbar takarda da aka buga hoton wuri guda a kanta, ta yi kyau amma wurin nan kaɗai take nunawa. Akwai shimfiɗar roba mai layuka, kamar wadda kamfanin Chessex ke yi, da ake zana bango da ƙofa a kanta da maka a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Sai kuma ta ukun, wadda muke magana a kanta: fallayen taswira. Waɗannan gutsattsari ne na kwali mai kauri, kowanne da hoton wani yanki na wuri. Wannan ɗaki ne, wancan lungu, wancan matakala, wancan bakin kogi, wancan kwanar titi a cikin gari. Ana jera su gefe da gefe su tashi taswira guda, in an gama a wargaza, wani zama a sake jera su su ba da wani wuri dabam. Galibi fuska biyu gare su, in ka kifa ɗakin dutse sai ka ga kogo ko fili.

Abin da ya sa fallen wannan kamfani ke iya zama kusa da na wancan shi ne ma'auni guda da kusan kowa ya yarda da shi. An raba fuskar kowane falle gida-gida, kowane gida murabba'i ne mai inci 1 a kowane gefe, wato santimita 2.5 da ɗan ɗoriya. Gida ɗaya a kan tebur yana matsayin ƙafa 5 a cikin labarin, kimanin mita ɗaya da rabi. Mutum yana cin gida ɗaya. Doki yana cin gida huɗu, biyu a faɗi biyu a tsawo. Ƙaton dodo na iya cin gida tara, mafi girman halittu kuma goma sha shida. A dokokin Dungeons & Dragons na 2014, ɗan Adam yana tafiyar ƙafa 30 duk lokacin da wasa ya zo kansa, wato gida 6, kuma zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa 6 ne a lissafin labarin. In ƙasar taɓo ce ko ɓaraguzan gini, kowane gida sai ya ci kamar biyu.

Kada a ɗauki wannan lissafi a matsayin ƙaƙale. Shi ke mayar da faɗa abin tunani da shawara. A ce lungu ne mai faɗin gida biyu, jarumai biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa: sun toshe shi ke nan, ko dodanni ashirin ne a gaba, biyu kaɗai za su iya kai musu hannu a lokaci guda, maharbi kuma yana harbi daga bayansu. Su kuskura su fita tsakar babban zaure, sai a kewaye su ta kowane gefe. Mai sihiri a cikin labarin yana da wani dunƙulen wuta da yake jefawa, wanda ke cin ƙafa 20 ta kowane ɓangare daga inda ya faɗa, wato gida 8 daga wannan baki zuwa wancan. Kafin ya jefa dole ya ƙirga, domin in ɗan'uwansa na cikin da'irar shi ma zai ƙone. Wanda ya laɓe rabin jikinsa a bayan guntun bango, dokar ta ƙara masa maki 2 na kariya, in kusan duk jikin ne a ɓoye ta ƙara masa 5. Duk wannan ba ya yiwuwa cikin adalci sai kowa yana ganin fili ɗaya. A ganina nan ne babban alherin taswira yake: ɗan wasan da ba shi da yawan magana, wanda a da masu kaifin baki ke danne shi, yanzu yana iya nuna yatsa ya ce, "In na tsaya nan, ba su da hanyar wucewa," kuma kowa ya ga gaskiyarsa.

Abu ɗaya ne ya kamata a daidaita tun kafin a fara, shi ne tafiya ta kusurwa. Wanda ya ratsa gida a karkace ya fi wanda ya bi shi a miƙe nisa, da kusan kashi 40 cikin 100. Bugun 2003 na Dungeons & Dragons da wasan Pathfinder sun ce gidan farko a karkace ƙafa 5 ne, na biyu 10, na uku 5, haka har a tsaya. Bugun Dungeons & Dragons na 2008 da na 2014 sun sauƙaƙa, kowane gida ɗaya ne ko ta ina aka bi. Ko wanne aka zaɓa ya yi, in dai an faɗa tun farko. Wasu kuma sun guje wa matsalar gaba ɗaya, suna amfani da gidaje masu kusurwa shida, waɗanda suka fi dacewa da daji da fili, amma suna wahalar zama daidai da miƙaƙƙen bango.

Dabarar jera fallaye ta girmi wannan wasa da nisa. A 1812, wani ma'aikacin gwamnatin Prusiya, wadda wani ɓangarenta ke cikin Jamus ta yau, mai suna Georg Leopold von Reisswitz, ya kai wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku wani tebur na wasan yaƙi. A cikin aljihunan teburin akwai ƙananan fallaye da aka yi wa siffar tuddai da koguna da hanyoyi da ƙauyuka, waɗanda ake jerawa yadda aka ga dama don a tayar da sabon fagen fama kowane lokaci. Ɗansa ya gyara wasan a 1824, ya koma amfani da taswirori na gaske, rundunar sojan Prusiya ta karɓe shi don horar da hafsoshi. Daga wasannin yaƙi irin wannan ne aka gangaro har zuwa wasan Chainmail na 1971, wanda Gygax ya rubuta tare da Jeff Perren, shi ne kuma ya share wa Dungeons & Dragons fage.

Amma a shekarun farko yawancin 'yan wasa ba sa shimfiɗa komai a tebur. Jagora ne ke riƙe da taswira a ɓoye, yana faɗin tsawon lungu da inda ya karya kwana, ɗaya daga cikin 'yan wasa kuma yana zanawa a takarda mai layuka, gida ɗaya ƙafa 10. In ya yi kuskure, ayarin mutanen labarin duka ya ɓata a ƙarƙashin ƙasa, kuma ɓatan nan wani ɓangare ne na daɗin wasan. A 1976 da 1977 TSR ta fitar da Dungeon Geomorphs, guntayen taswira da jagora zai yanka ya jera. Hikimarsu ita ce hanyoyin fita suna zuwa wuri ɗaya a gefen kowane guntu, saboda haka ko ta yaya ka juya shi zai haɗu da maƙwabcinsa. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar da Dungeon Floor Plans, takardun daɓe da ƙofofi da ake yankawa da almakashi a ɗora mutum-mutumi a kai. Kamfanin Wizards of the Coast, da ya sayi TSR a 1997, ya fara sayar da nasa Dungeon Tiles na kwali mai kauri a 2006, bugun Dungeons & Dragons na 2008 kuwa da gidaje ma yake auna tafiya, ba da ƙafa ba. Paizo, masu Pathfinder, sun zo da Flip-Tiles a 2018, kowanne inci 6 a kowane gefe, an lulluɓe fuskarsu yadda za a yi rubutu a goge.

To, yanzu ga abin da falle ya fi babbar takarda da shi, kuma shi ne abin da sababbin jagorori suka fi sakaci da shi. Babbar taswira da zarar ka buɗe ta, ka tona komai. 'Yan wasa sun ga ɗakin dukiya a kudu, sun ga inda lungu ya mutu, sun ga wani ɗaki da ba shi da ƙofa, sun gane akwai ɓoyayyiyar hanya. Ko sun yi niyyar yin kamar ba su gani ba, ido ya riga ya gani. Falle kuwa ɗaya bayan ɗaya ake ajiye shi. Ayari na tsaye a lungu, falle guda ne a tebur, gabansu ƙofa, bayan ƙofar babu komai sai katakon tebur. Wannan sararin da ba kowa shi ke sa zuciya ta buga. Sai wani ya ce ya tura ƙofar, sannan jagora ya zaro falle na gaba ya ajiye. Jagoran da ya zo tun kafin baƙi su iso ya jera gidan sarkin dodanni kaf a kan tebur, don ya burge, ya zubar da mafi tsadar abin da fallaye ke ba shi.

Ƙa'idar da nake ganin ta fi kyau ita ce a ajiye abin da mutanen labarin ke iya gani kawai. Jiniyar wuta da suke riƙe da ita, a dokokin 2014, tana haska ƙafa 20 sosai, sai wata ƙafa 20 dishi-dishi, wato gida 4 da gida 4. In zauren ya fi haka tsawo, a rufe ragowar da baƙar takarda, a riƙa janye ta yayin da suke matsawa. Ƙofar sirri kada ta kasance a zane a kan falle. A yanka ɗan guntun kwali dabam mai hoton ƙofa, ranar da suka gano ta a ɗora. Haka tarko, haka ramin da aka rufe da tabarma. Wuraren da aka wuce kuma a kwashe su, don tebur ya samu wuri, don kuma 'yan wasa su riƙa tuna hanyar komawa da kansu.

Sai dai ajiye falle ɗaya-ɗaya yana da farashi, shi ne shiri. Babu abin da ke kashe wasa kamar a ce an buɗe ƙofa, kowa ya zuba ido, jagora kuma ya duƙufa cikin akwati yana tonon falle mai kwana ta hagu. Minti biyar na nema sun isa hankali ya watse, wayoyi su fito daga aljihu. Maganinsa mai sauƙi ne. Tun a gida jagora ya jera wurin gaba ɗaya, ya ɗauki hotonsa da waya, sannan ya kwashe ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da ambulan ɗinsa, da ƙofofinsa da dodanninsa a ciki, ya rubuta lamba a baya. Ya kuma ware 'yan fallaye na ko-ta-kwana, lungu biyu, ɗaki ɗaya, fili ɗaya, domin 'yan wasa sun saba bin hanyar da ba a yi tsammani ba. Fallen kwali yana zamewa in hannu ya taɓa shi, saboda haka a shimfiɗa zane mai kauri ko bargo a ƙarƙashi.

Ɗaki fanko ba ya ba da faɗa mai daɗi, komai kyan zanensa. Ɓangarori biyu za su tsaya ne su yi ta jefa dayis har ɗaya ya faɗi. Ƙananan guntayen da ake ɗorawa a kan falle su ke raya shi: tebur da za a kifar a laɓe, tukunyar mai kusa da murhu, rijiya a tsakiya, gada mai faɗin gida ɗaya, baranda da maharbi zai hau. Kowane ɗayansu tambaya ce ga ɗan wasa, me za ka yi da ni? Kuma duk abin da aka ajiye, jagora ya yarda a yi amfani da shi. In hoton fallen ya nuna ganga a kusurwa, to akwai ganga a ɗakin, ɗan wasa na da haƙƙin mirgino ta.

A nan ne kuma haɗarin yake, kuma ina ganin ya cancanci a faɗe shi ƙarara. Fallaye suna iya kwace ragamar labari daga hannun jagora. Mutum ya sayi kwalin ɗakunan dutse, sai ya wayi gari duk labarinsa a ɗakin dutse yake ƙarewa, ya daina ƙaga kasuwa ko jirgin ruwa ko fadar da ke kan bishiya, saboda ba shi da fallensu. Ya kamata labarin ya zo farko. In babu fallen da ya dace, a kifa farar takarda a zana da hannu, ba abin kunya ba ne. Su ma 'yan wasa taswira tana iya rage musu hangen nesa. Wanda a da zai ce zai kama igiyar fitila ya yi lilo ya dira a bayan dodo, yanzu sai ya tsaya ƙirga gidaje, domin igiyar ba ta cikin hoton. Don haka ko bayan an ajiye falle, jagora ya ci gaba da bayani da baki: warin ɗakin, sanyinsa, tsawon rufinsa, ƙarar da ke fitowa daga ƙasa. Hoto daga sama ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ke shiga teburi ba a sani ba. In ba a fito da fallaye sai lokacin faɗa, 'yan wasa za su koyi cewa ganin falle na nufin a zaro takobi, ko da mutanen da ke ɗakin sulhu suka zo nema. Yana da kyau wani lokaci a shimfiɗa taswira don zaman fada, ko don shiga gida a sace cikin dare, a tashi ba a zubar da jini ba.

Ba kowane wuri ne ke son falle ba. Ɗan gajeren artabu da ɓarawo ɗaya a lungu, baki ya isar masa. Tsere a kan dawaki ma haka, domin doki na cin ƙafa 60 a tafiya ɗaya, gida 12, kafin zagaye biyu ya fice daga tebur. Dogon baka yana kai ƙafa 150 ba tare da wahala ba, iyakarsa kuma ƙafa 600, wato gida 120, abin da zai buƙaci tebur mai tsawon mita 3. A irin wannan a ce kawai "kusa", "nesa", "nesa ƙwarai", a ci gaba.

Masu hali sukan wuce kwali su sayi fallaye masu jiki, da bango a tsaye da ƙofa mai buɗewa. Wanda ya yi suna a nan shi ne kamfanin Dwarven Forge, wanda mai zane Stefan Pokorny ya kafa a 1996, kuma a 2013 ya tara kusan dala miliyan 2 daga masu sha'awa ta dandalin Kickstarter don yin sabon samfuri. Suna da kyau ƙwarai, amma suna da tsada da nauyi, jera su na cin lokaci, kuma bangon kan tare wa na zaune gani, sai ya miƙe tsaye ya leƙa. Wasu suna buga nasu da na'urar da ke ƙera abu da narkakkiyar roba. Masu wasa daga garuruwa dabam-dabam kuma suna haɗuwa ta intanet a Roll20, da aka buɗe a 2012, ko Foundry, da ya fito a 2020, inda fallayen hotuna ne a kan allo, kwamfuta kuma ita ke ɓoye abin da mutumin labarin bai isa ya gani ba.

Wanda yake zaune inda ba a sayar da waɗannan kaya, kuma kuɗin aikowa daga waje ya yi masa nauyi, ba abin da ya rasa. Kwalin taliya ko na sabulu, da rula, da reza, da baƙin maka sun wadatar. A yanka murabba'i mai inci 6 ko 8, a ja layuka inci ɗai-ɗai da fensir, a zana bango da maka mai kauri. A ɗauki darasin Geomorphs: kowace mafita ta zama a tsakiyar gefen falle, faɗinta gida biyu, ta yadda kowane falle zai haɗu da kowanne ko ta ina aka juya shi. Bayan kwalin a zana kogo ko daji. In aka bi fuskar da faffaɗan salatif mai haske, za a iya rubutu a goge, kuma ruwan shayi ba zai ɓata ta ba. Ɗakuna huɗu, miƙaƙƙun lunguna huɗu, kwana biyu, mararraba biyu da babban zaure ɗaya sun isa a fara, sai ƙofofi da matakalai a ƙananan guntaye. Murfin kwalbar lemo faɗinsa ya ɗara inci ɗaya da kaɗan, yana zama a gida ɗaya, a liƙa masa takarda mai suna ko lamba ya tsaya a madadin mutum. Dodo mai cin gida huɗu kuma a nemo masa murfin gwangwani mai faɗin inci 2.